Nijeriya: Wa zai duba masu taɓin hankali a karkara?

Ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Nijeriya ta sha nanata cewa 'ya'yanta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, alhali yawan jama'ar ƙasar ya haura miliyan 200.

Ko waɗannan ɗin ma, akasarinsu suna manyan birane ne, a asibitocin koyarwa na jami'o'i da asibitoci na musamman irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Ga mutumin ƙauye, ganin irin wannan likita na nufin kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da barin gona, da kuma komawa a kai a kai, domin ciwo ne da ba ya warkewa da zuwa guda.

Wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa a cikin masu fama da taɓin hankali mai tsanani, waɗanda suka samu magani a shekarar da ta gabaci binciken ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Inda likita bai je ba, wani ne ke cike gurbin. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, kuma cikin makonni aka sake gano irinsa a Daura. An yi ta Allah-wadai, amma mafi yawan waɗanda aka tsare a can danginsu ne suka kai su, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda halin da ya gagari gida.

Horo mai tsawo

Amsar da aka fi bayarwa ita ce a horas da ƙarin likitoci. Sai dai lissafin ba ya fita da sauƙi. Ɗalibi kan shafe shekaru shida a makarantar koyon likitanci, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da wata ta bautar ƙasa, kafin ya shiga horon ƙwarewa da kan ɗauki shekaru huɗu zuwa shida. Idan ya kammala, takardarsa na da daraja a Birtaniya da Kanada da Saudiyya, kuma da yawa can suke nufa. Wanda ya tsaya ma, da wuya ya zaɓi garin da babu wutar lantarki ko makarantar da zai sa 'ya'yansa.

Saboda haka ya kamata a duba irin aikin da ake horas da likitan domin ya yi. A nan Nijeriya na da tarihin da za ta waiwaya.

A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani danginsa. Da rana a duba su, da dare su kwana cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo ya kai ga muƙamin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, amma a gida ba a yaɗa shi ba.

Likita a matsayin mai sa ido

Abin da ya fi kusa da wannan tunani a yau shi ne shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008. Ana koya wa ma'aikatan jinya da malaman asibiti na ƙauye yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da gushewar hankali, su ba da maganin farko, su tura abin da ya fi ƙarfinsu gaba. Aikin ƙwararren likita shi ne ya koyar, ya riƙa zagayawa, ya amsa waya idan an kira. An gwada hakan a jihar Osun, an kuma yi amfani da shi a Borno bayan rikicin Boko Haram ya raba miliyoyin mutane da gidajensu.

Wani gwaji a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Ghana, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya nuna cewa majinyata sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na kai ziyara wurin masu maganin gargajiya da masu addu'a, suna aiki tare. Wannan na da muhimmanci a arewa, inda galibi malami ko mai ruƙiyya ake fara nema kafin a tuna da asibiti.

Matsalar ita ce horo na 'yan kwanaki kan dushe idan babu mai bibiya, kuma malamin asibitin da ya gane ciwo amma babu magani a kantarsa bai tsinana wa majinyaci komai ba.

Tun 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko, amma galibi abin ya tsaya a takarda. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta tarayya ce, su kuwa ƙananan asibitocin ƙauye, da albashin ma'aikatansu, suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi.