A Yi Wa Takardunmu Rumbu

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan takardun karatunmu, watau tsarin darasi, da tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, da tsofaffin fitowar wannan mujalla. Yanzu duk a WhatsApp suke yawo. In ka nemi tsarin darasin lissafi na aji huɗu sai a turo maka guda uku, wannan an sa masa suna "na ƙarshe", wancan kuwa "na ƙarshe gyararre", ba wanda ya san wanne ne malam ya duba. Ɗalibi ya ɗauki marar gyaran ya tafi gwajin koyarwa a Bukuru ko Barikin Ladi, yara arba'in su kwashe kuskuren a littattafansu.

A ganina ya kamata kwaleji ta buɗe shafin intanet irin mai sauƙin nan, wanda ba kome a cikinsa sai fayiloli zube kamar littattafai a kan kanta. Mai so ya zo ya ɗauka yadda aka ajiye. Irinsa ba ya cin data da yawa, ko ƙaramar waya tana buɗe shi, ɓarayin intanet kuwa ba su samun ƙofofi da yawa da za su ɓalle. Amma fa shafin shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da abin da a ke kira Git.

Ku tuna da littafin tarihin makaranta wanda hedimasta ke riƙewa. An koya mana ba a yage masa shafi, ba a kankare abin da aka rubuta. In an yi kuskure sai a rubuta gyara a ƙasa, a sa kwanan wata. To, aikin Git ke nan. Wani mutumin ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya ƙago shi a 2005. Duk gyaran da aka yi wa fayil, yana riƙe sunan mai gyaran, da ranar, da dalilin da ya bayar. In gyaran yau ya ɓata abu, sai a komo da na jiya. Abin da ya fi burge ni kuwa, duk wanda ya kwafi rumbun a kwamfutarsa ya kwafe shi da tarihinsa gaba ɗaya. Mu mutanen Jos mun san amfanin wannan, gama a watan Oktoba 2016 gobara ta ci ɗakin karatu na Jami'ar Jos da ke Naraguta. Rumbun da ke hannun mutum biyar, wuta ɗaya ba ta cinye shi.

Wani zai ce ina kuɗin? GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018, yana ajiye irin wannan shafi kyauta, muddin bai wuce gigabait 1 ba. Ba ya karɓar fayil da ya fi megabait 100, saboda haka bidiyon bikin yaye ɗalibai sai a nema masa wani wuri.

Sai dai a yi hattara. Rumbun irin wannan shafi na kyauta a buɗe ya ke ga duniya duka, abin da aka share kuwa yana nan kwance cikin tarihi. Kada wani ya kuskura ya sa makin ɗalibai ko lambobin wayarsu a ciki.

Babban haɗarin ma ba na na'ura ba ne. Ɗalibi ɗaya mai himma ya buɗe shafi da sunansa, ya gama karatu, ya tafi da kalmar sirri, shafin ya zama kango. Don haka ina roƙon hukumar kwaleji a buɗe rumbun da sunan kwaleji, malami ɗaya da ɗalibai biyu su riƙe mabuɗi, ɗaya na shekarar ƙarshe, ɗaya na bayansa. Kafin mai fita ya karɓi takardar sallama, sai ya zauna da magajinsa, ya ga ya yi gyara ɗaya da hannunsa har ya fito a shafi.