Wa ke kallon yaranku a bakin ruwa? Darasi ga masu zuwa Tiga da Bagauda

Duk lokacin hutun Sallah za ku ga motoci cike da matasa da iyalai sun nufi madatsar ruwa ta Tiga da tafkin Bagauda a ƙaramar hukumar Bebeji domin yawon shaƙatawa. Idan damina ta kankama kuma, ba sai an je nesa ba: kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini a Kiru da Tudun Wada kan cika maƙil, haka ma tsofaffin ramukan haƙar kuza na Riruwai a Doguwa. A irin waɗannan watanni ne ake yawan jin sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano cewa jami'anta sun ciro gawar yaro ko saurayi daga ruwa.

Abin da ya kamata ya tsaya muku a rai shi ne, sau da yawa yaron ba shi kaɗai yake ba. Akwai abokai, akwai masu wanki, wani lokaci har da yayansa a gefe. Kasancewar mutum a bakin ruwa daban, sa ido daban. Wannan ne ya sa wuraren wasan ruwa na ƙasashen waje ba sa yarda da cewar mai ceto "ai ina kallo", sai sun gwada shi.

Girman matsalar

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disambar 2024 ya nuna cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan mace-macen, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya, amma a yankin Afirka da kashi 3 kacal ya ragu. Mu a Kano ba mu manta da ranar 30 ga Nuwambar 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi.

Tiga kuwa ruwa ne babba. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma faɗin ruwan ya kai kusan murabba'in kilomita 178. Daga nan kanal ɗin noman rani ya ɗauki ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Babu hukumar da za ta iya tsayar da mai ceto a kowace gaɓa ta wannan ruwa. Saboda haka a mafi yawan wurare, mai ceton yaranku ku ne.

Yadda ake gwada masu ceto

A Amurka akwai kamfanin Ellis & Associates da ke horar da masu ceto na wuraren wasan ruwa. Shi ya shahara da ƙa'idar 10/20: mai ceto ya gano wanda ke cikin hatsari a cikin daƙiƙa 10, ya kuma isa gare shi a cikin daƙiƙa 20 bayan nan.

Ba a takarda ake barin ƙa'idar ba. Shugaban wurin kan sulale da mutum-mutumi mai siffar yaro zuwa ƙasan ruwa ba tare da sanarwa ba, ya riƙe agogo ya ga tsawon lokacin da mai ceto zai ɗauka kafin ya gani. Wani lokaci ma'aikaci ne zai shiga cikin jama'a ya yi kamar yana nutsewa. Akan kuma turo masu bincike cikin shigar baƙi, su ɗauki bidiyon mai ceto a ɓoye, a ga ko idonsa na zagaya yankin da aka ba shi ko hira ta ɗauke shi. Wanda ya faɗi gwajin akan sauke shi daga kujera a sake horar da shi. Sannan ba a barin mutum ɗaya a wuri ɗaya na dogon lokaci. Akan sauya shi bayan kamar minti 20 zuwa 30.

Dalilin hakan ba rashin yarda da ma'aikaci ba ne, halittar ƙwaƙwalwa ce. Tun a 1948 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Birtaniya, Norman Mackworth, ya nuna cewa wanda aka sa ya zura ido yana jiran abin da ba kasafai yake faruwa ba, kaifin lurarsa kan ragu sosai bayan rabin awa na farko. Wannan ya shafi kowa, har uwa mai tsananin son ɗanta.

Ku lura da wani bambanci. Ruwan waɗancan wurare garai yake, ana ganin ƙasansa, duk da haka ƙyallin rana da motsin ruwa kan ɓoye mutum. Ruwan kududdufinmu kuwa ja ne ko baƙi. Da zarar kan yaro ya shige, shi ke nan, ba a ganinsa. Don haka namu sa idon ya kamata ya fi nasu tsanani.

Nutsewa ba ta da ihu

Mutane da yawa suna zaton mai nutsewa zai yi kururuwa yana ɗaga hannu, kamar a fim. Ba haka abin yake ba. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan lokacin da ya samu na jan numfashi ne, ba na magana ba. Za ku gan shi a tsaye cikin ruwa, kai ya karkata baya, hannuwa na danna ruwa a gefe kamar mai son hawa tsani, ba ya gaba ba ya baya. Wannan fafutuka ba ta wuce daƙiƙa 20 zuwa 60 kafin ya shige. Bayan minti huɗu zuwa shida babu iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Yaro mai wasa a ruwa yana da hayaniya. Idan kun ji shiru, ku duba nan take.

Gwada kanku kafin ruwa ya gwada ku

Ga yadda za ku ɗauki darasin can ku yi amfani da shi a nan:

Ku naɗa mutum ɗaya, babba, da sunansa. "Kowa na kallo" na nufin babu mai kallo. Wanda aka naɗa ya ajiye waya, ya bar wanki da hira. Bayan minti 15 zuwa 20 ya miƙa wa wani baki da baki. Kada a ɗora wannan nauyi a kan yarinya 'yar shekara takwas don kawai ita ce babba.

Ku auna tazarar. Daga inda kuke zaune, za ku isa wurin yaron a daƙiƙa 20? Ku taka ku ƙirga. Ɗan ƙasa da shekara biyar kuwa, kada ya wuce inda hannunku zai kai.

Ku yi gwajin ba-zata. Ku tambayi mai kallon: yara nawa ne a ruwa yanzu, ina ƙaraminsu? Idan sai ya waiwaya ya fara nema, ya faɗi gwajin, kuma gara ya faɗi a hannunku.

Ku tanadi abin ceto a kusa: doguwar gora, igiya, da jarka mara komai mai murfi a ɗaure. Ku miƙa ko ku jefa daga tudu. Kada wanda bai ƙware a iyo ba ya faɗa ruwa, domin mai nutsewa kan ƙanƙame wanda ya zo gare shi, a rasa biyu maimakon ɗaya.

Ku kula da masu farfaɗiya. Hatsarin nutsewarsu ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma. Kada su yi wanka, wanki ko ɗiban ruwa a bakin rafi su kaɗai. A gida ma, a rufe rijiya da randa, a zubar da ruwan bokiti da baho, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya kashe mai rarrafe.

Idan an ciro mutum

Ku kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ku sa wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ku ɗaga haɓarsa, ku toshe hancinsa, ku hura masa iska baki da baki sau biyar. Daga nan ku danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, ku hura sau biyu, ku ci gaba da maimaitawa har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Kada ku danna cikinsa ko ku juya shi kai ƙasa da sunan fitar da ruwa. Hakan ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya shiga huhu. Idan yana numfashi, ku kwantar da shi ta gefe, ku cire jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe shi.

Ko da ya farka yana magana, ku kai shi asibiti mafi kusa, musamman idan yana tari, haki, kumfa a baki, ko yawan barci. Matsalar huhu na iya ƙaruwa cikin awannin farko.

Abin da za ku nema daga masu iko

Idan kun biya kuɗi kun shiga otal ko wurin shaƙatawa mai wurin iyo, ku tambaya: ina mai ceto, yaushe aka gwada shi, ya iya dawo da numfashi? Idan za ku hau kwale-kwale, ku nemi rigar kariya, kuma ku sauka in an yi lodi fiye da kima. A garuruwan bakin Tiga akwai masunta da suka san ruwan fiye da kowa. Ƙananan hukumomi da masu unguwanni za su iya tsara su a ranakun Sallah, a keɓe wurin wanka guda, a koya musu taimakon gaggawa, sannan a riƙa gwada su lokaci-lokaci kamar yadda ake yi a can. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 domin yaƙi da nutsewa, tana faɗowa ne a tsakiyar daminarmu, kuma dama ce ta yin wannan atisaye.

Rai na hannun Allah, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Kafin fita ta gaba, ku zauna da iyalinku ku amsa tambaya ɗaya: yau wane ne mai kallo? Allah Ya tsare mana zuri'a.