Matsayin Da Ɗanki Ke Nema A Gem: Ya Kai Wahalar Da Yake Sha?

Zancenmu na wannan mako kan wata amsa ce da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Ki kira yaro cin tuwo, ko ki aike shi kai niƙa, sai ya ce miki, “Umma, bari in gama wannan matakin.” Idan kika matsa, ya ce idan ya tashi yanzu matsayinsa zai sauka. Wane matsayi ne wannan, wa ya ba shi, kuma ya kai barcin da ake rasawa saboda shi?

Bari mu fara da yadda abin yake. A da, gem wasa ne da ake bugawa a ci ko a faɗi, a tashi. A shekarar 2005 kamfanin Microsoft ya fito da na’urar Xbox 360 tare da tsarin ba ɗan wasa maki da lambar yabo a kan duk wata bajinta da ya yi. A 2008 kamfanin Sony ya bi sahu da nasa kofunan a PlayStation. Yau wannan tsari ya cika wasannin waya da yaranmu ke bugawa, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019. A Free Fire, yaro yana farawa daga matakin tagulla, ya hau azurfa, ya hau zinare, yana ta hawa har ya kai wanda suke kira Heroic, a can ƙoli kuma akwai Grandmaster. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, idan zangon wasan ya ƙare, kamfanin yana sauko da kowa ƙasa, a sake hawa daga baya. Tsani ne da aka yi shi don kada a taɓa gama hawansa.

Ke da kike zaune a Sharaɗa ko Ja’en, ko Panshekara kusa da Challawa, ko Dakata da Kawaji a gefen Bompai, ba sai an yi miki dogon bayani kan aikin kamfani ba. Ko maigida, ko ƙaninki, ko ɗan maƙwabta, wani naki ya taɓa tsayawa a bakin get da sassafe yana jiran a ɗauke shi aikin yini a kamfanin roba, ko na takalma, ko majemar fata. Kin san dokokin wurin: a zo kan lokaci a rubuta suna, a cika adadin da aka yanka, wanda ya yi fashi a yanke masa, wanda ya ƙara awanni a ƙara masa wani abu.

To ki duba wayar ɗanki da wannan idon. Akwai kyautar shiga kullum, wadda idan ya tsallake rana zai yi asararta: rubuta suna ke nan. Akwai ayyukan rana da na mako da aka jera masa: adadin da aka yanka ke nan. Akwai garaɓasar da ke ƙarewa cikin ’yan kwanaki, wadda ke sa shi raba dare: aikin kwana ke nan. Bambancin ɗaya ne. Lebura a Challawa, komai ƙanƙantar abin da za a ba shi, zai koma gida da kuɗin cefane. Ɗanki kuwa shi ke biya. Shi ke sayen data, shi ke kai caji idan babu wuta, wani lokaci har ya sayi dayamon na cikin wasan don ya yi wa ɗan wasansa sabuwar riga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Yaron da ke ba gem awa uku kullum, a shekara ya ba shi awa 1,095. Idan kika raba da aikin awa takwas, kwanakin aiki sama da 130 ke nan. Wata huɗu da ɗoriya ba hutun Juma’a ba na Lahadi. Ga kuɗin kuma. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Kowace uwa ta san daga tukunyar wa wannan kuɗin ke fita.

Kada mu ɗora wa yara laifin su kaɗai, domin mu ma manya an gwada mu. Ki tuna shekarar 2024, lokacin da Kano ta ɗauki danna waya. Bayan wasan Notcoin ya fashe a watan Mayu wasu sun ɗan samu, sai kowa ya koma Hamster Kombat a manhajar Telegram. A adaidaita sahu ana dannawa, a gidan biki ana dannawa, matan aure na tura wa juna amsar katunan ranar. Shi ma matakai gare shi, da kyautar kullum, da alƙawarin cewa wanda ya jure zai dara. Da ranar 26 ga Satumba ta zo aka raba, mutane da yawa suka fito suna kukan cewa abin da suka samu bayan watanni bai taka kara ya karya ba. Idan mai hankali da iyali zai iya faɗawa wannan tarko, yaya kike gani ga ɗan shekara goma sha uku?

Sannan akwai tambayar mallaka. Matsayin da yaro ya kwana nema ba a wayarsa yake ba, yana cikin kwamfutocin kamfanin ne a wata ƙasa. A watan Satumbar 2020 gwamnatin Indiya ta haramta PUBG Mobile, a Fabrairun 2022 ta haramta Free Fire, ’yan wasan can suka wayi gari ƙofa a rufe. Wasan Apex Legends Mobile kuwa masu shi ne da kansu suka kashe shi a watan Mayun 2023, shekara guda kacal da fitowarsa. Mu mutanen Kano mun san wannan darasin. Masaƙu da masana’antu nawa ne a Bompai da Sharaɗa suka rufe saboda rashin wuta da shigowar kayan waje masu araha? Amma ma’aikacin da ya koyi gyaran inji ko haɗa wuta a ciki, da aka rufe get ya fita da sana’arsa a hannu. Ɗan gem idan an rufe, hoton allo kawai zai rage masa.

Ɗanki zai ce miki ai ana samun kuɗi da gem, kuma ba ƙarya ya yi ba. A 2019 wani yaro Ba’amurke ɗan shekara 16, Kyle Giersdorf, ya ci dala miliyan uku a gasar duniya ta wasan Fortnite. Sai dai ki gaya masa sauran labarin: kimanin mutum miliyan 40 ne suka shiga neman gurbi a gasar. Ba a gina rayuwa a kan irin wannan rabo.

Duk da haka, ba cewa nake gem haramiyar hanya ba ce. Yaron da ya gama aikin makaranta ya zauna da abokai suka buga ƙwallon waya na awa ɗaya, ya huta, ya yi dariya, kuma kin san inda yake. A wannan zamani na faɗan daba da ƙwacen waya, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ta ce kaɗan ne daga masu wasan ke kamuwa. Alamomin da ta bayar uku ne: mutum ya kasa iya tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran harkokin rayuwa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illa, a ɗauki kamar shekara ana haka. Don haka amsata ita ce: wasan, idan hutu ne, ya kai awa ɗayan da aka ba shi. Farautar matsayi kuwa, wadda ke mayar da hutu aikin dole, ba ta kai wahalarta ba.

To me za ki yi? Ƙwace waya da faɗa ba ya cika magani, sai dai ya koma gidan abokinsa. Ki fara da zama kusa da shi ki ce ya nuna miki matsayinsa, ya gaya miki kwana nawa ya ɗauka kafin ya kai. Sai ki tambaye shi a hankali: idan zangon ya ƙare, me zai rage maka? Ki bar shi ya amsa da bakinsa. Bayan nan ku buɗe saitin wayar tare. Wayoyin Android suna da wurin da ke nuna awannin da kowace manhaja ta ci a rana, kuma sau da yawa yaron da kansa zai yi mamaki. Akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, za ki iya yanka masa lokaci da ita, ki sa wayar ta kulle da dare. Ki kashe sanarwar wasan, domin ita ce mai kiran sa. Kada ki bar katin bankinki a haɗe da wayar da yara ke riƙewa. Sannan a yi dokar gida ɗaya da ta shafi kowa har ke: ba waya a kan tabarmar cin abinci, ba waya a shimfiɗa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Yaron da zai jure wata biyu yana hawa mataki bayan mataki ba malalaci ba ne. Yana da naci, yana son ya ga ci gabansa da idonsa, yana son a yaba masa. Ki samo masa tsanin da ba a saukewa. Ma’aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da jarrabawar gwajin sana’a mai hawa uku, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, ga masu walda, aikin wuta, kanikanci da sauransu. Asusun horar da ma’aikatan masana’antu, ITF, da aka kafa a 1971, yana da cibiyar koyar da sana’o’i a Kano. Ga kasuwar waya ta Farm Centre, inda samari da yawa suka koyi gyaran irin wayar da ke hannunsa. Ko a lokacin hutun makaranta, awa uku a rana wajen amintaccen maigida ba wasa ba ne. Idan ƙarami ne, ki manna takarda a bango ki riƙa yi masa alama duk littafin da ya karance ko lissafin da ya iya, kuma ki faɗi yabonsa a gaban babansa. Wannan yabon ne yake nema a waya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A daren nan, kafin a kwanta, ki duba awa nawa gem ya ci a wayar gidanki cikin makon nan. Iyaye mata da suka gwada wata dabara ta yi musu aiki, ku gaya mana, domin wata ’yar uwa na nan tana jiran ta. Allah ya shirya mana zuri’a.