Raddi ga Masu Cewa Matashin Ɗan Ƙwallon Kwando na Turai Ba Ya Gogewa Sai a Amurka

Tun daga shekarar 2021, lokacin da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ta halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗi ta hanyar tallata sunansu da hotonsu, wani ra'ayi ya yi ƙarfi a bakin dillalan 'yan wasa da wasu masu sharhi, cewa duk matashin Turai mai baiwar ƙwallon kwando ya kamata ya bar kulob ɗin da ya rene shi ya ƙetara Amurka da zarar ya kai shekara 17 ko 18. Wannan da'awa tana da hujjoji, kuma ya dace a auna su da abin da ya auku a fili.

Babbar hujjarsu ita ce, tun da gasar NBA, wadda ita ce ƙololuwar wannan wasa, a Amurka take, to wanda ya taso a ƙofarta ya fi sanin salonta. Sai a tambaye su: ina aka reni waɗanda suka mamaye gasar a 'yan shekarun nan? Daga 2019 zuwa 2024 an ba da kyautar gwarzon ɗan wasan NBA sau shida, biyar daga ciki kuwa mutum biyu ne 'yan Turai suka ɗauke, kuma babu ɗayansu da ya taɓa buga wa wata jami'ar Amurka wasa. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya suka haife shi a babban birnin Girka, ya fito ne daga Filathlitikos, ƙaramin kulob a rukuni na biyu na gasar ƙasar, ya lashe kyautar a 2019 da 2020. Nikola Jokic, ɗan garin Sombor na Sabiya, ya goge a kulob ɗin Mega, kuma a zaɓen 2014, wato taron shekara-shekara da ƙungiyoyin NBA ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, sai da aka kira suna 40 kafin nasa. Duk da haka ya ƙara shekara guda a gida, ya zama gwarzon gasar yankin Adiriyatik, sannan ya tafi Denver inda ya ci kyautar a 2021 da 2022 da 2024. Ko ta fuskar doka ma, wasan Turai ya fi kusa da na NBA, domin a duka biyun daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo a kwando, alhali a jami'o'i daƙiƙa 30 ce, kuma wannan tazara tana sauya saurin tunanin da ake bukata daga mai riƙe da ƙwallo.

Hujjar da ta fi wannan nauyi, wadda kuma ba za a yi mata riƙon sakainar kashi ba, ita ce cewa manyan ƙungiyoyin Turai ba sa ba yara damar wasa. Gaskiya ne cewa kocin da ke fafatawa a EuroLeague, babbar gasar kulob-kulob ta nahiyar, ya san kujerarsa tana rawa duk ranar da ya sha kashi, don haka ya fi amincewa da ɗan shekara 30 a kan ɗan shekara 18, kuma yaron da ya shekara a benci bai ƙaru da komai ba. Sai dai masu wannan hujja sun ɗauki Turai tamkar ƙungiyoyin EuroLeague ne kawai, sun manta da matakan da ke ƙasa. Victor Wembanyama ya fuskanci wannan matsala a 2022, maganin da ya nema kuwa shi ne barin ASVEL, mai buga EuroLeague, zuwa Metropolitans 92, kulob ɗin da aka gina wasansa a kan yaron a ƙarƙashin koci Vincent Collet. A ƙarshen kakar ya zama gwarzon gasar Faransa, aka kuma ɗauke shi na farko a zaɓen 2023. Dirk Nowitzki ma a rukuni na biyu na gasar Jamus ya yi ƙuruciyarsa a Würzburg, a hannun malami guda, Holger Geschwindner, wanda ya ci gaba da gyara masa jifa har bayan ya shahara. Benci kuma ba a Turai kaɗai yake ba: Darko Milicic, wanda Detroit ta ɗauka na biyu a 2003 yana ɗan shekara 18, bai samu ko minti biyar a kowane wasa ba a matsakaicin lissafin kakarsa ta farko, kuma bai taɓa kai matsayin da aka yi masa zato ba. Abin da ke gina yaro shi ne ya yi ta karawa da manyan maza waɗanda wasan ne abincinsu, su ture shi, su yaudare shi, ya yi kuskure a gyara masa washegari. Jami'a kuwa tana haɗa shi da sa'anninsa ne, a kakar da ke farawa a Nuwamba ta ƙare a Maris ko farkon Afrilu, ƙarƙashin dokar da ta taƙaita atisaye da wasa na tilas zuwa awa 20 a mako.

Masu wannan ra'ayi suna kuma kafa hujja da Domantas Sabonis na Lituwaniya, da Lauri Markkanen na Finlan, da Franz Wagner na Jamus, waɗanda duk suka bi ta jami'a suka yi fice. Wannan ɗaukar ladan wani ne a ba wani. Sabonis ya riga ya buga EuroLeague da Unicaja ta Malaga yana ɗan shekara 17 kafin ya yi shekara biyu a Gonzaga. Wagner ya riga ya shiga babbar ƙungiyar Alba Berlin kafin ya je Michigan a 2019. Markkanen kuwa kaka ɗaya tak ya yi a Arizona bayan horon da ya samu a Helsinki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun tanƙwarar, daga 12 zuwa 18, a Turai suka yi su. Haka lamarin yake ga Egor Demin da Kasparas Jakucionis, waɗanda suka bar Real Madrid da Barcelona a 2024, suka yi kaka ɗaya a jami'a, aka ɗauke su na 8 da na 20 a zaɓen 2025. Jami'ar ta baje su a kasuwa, wannan kuwa amfani ne na gaske, amma baje kaya daban, saƙa shi daban.

Wasu sukan kawo Luka Doncic a matsayin shaidar cewa barin gida ne sirrin, tun da ya bar Sulobeniya yana ɗan shekara 13. Amma Madrid ya tafi, cikin tsarin da ke ɗaukar yaro daga ƙaramar ƙungiya zuwa babba a gida guda da salo guda, har ya fara buga wa manya wasa yana da 16, ya kuma zama gwarzon EuroLeague a 2018 yana da 19. Labarinsa yana ƙarfafa tsarin kulob ne, ba ya rushe shi.

Saura batun kuɗi, kuma a nan ne kaɗai masu wannan ra'ayi suke da rinjaye bayyananne. Bayan sulhu kan biyan ɗalibai 'yan wasa da kotu ta amince da shi a Yunin 2025, an ba jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma babu mai hankalin da zai zargi iyalin da suka karɓi abin da kulob ɗin garinsu ba zai iya biya ba, balle ga damar karatu a kai. Sai dai tambayar da aka faro da ita ta gogewa ce, albashi kuwa ba ya amsa ta. Akwai ma illar da ba a cika faɗa ba: idan ƙungiyar NBA ta ɗauki ɗan wasa mai kwantiragi, kulob ɗinsa yana samun diyya, amma idan jami'a ce ta janye shi, galibi kulob ɗin da ya ciyar da shi, ya ba shi masauki da likita da malamai shekara biyar ko shida, yakan tashi a tutar babu. Ƙananan ƙungiyoyi irin su Mega da Joventut ta Badalona, wadda ta fito da Ricky Rubio yana ɗan shekara 14, renon yara ne jarinsu, kuma idan jarin ya daina dawo da riba, su ne za su fara rage kuɗin da suke zubawa a kan 'yan shekara 12, waɗanda jami'o'in Amurka ke jiran su nuna kafin su zo ɗiba.