'Yan sa kai masu tafiyar da intanet sun fara gajiya

Yawancin ƙa'idojin sunayen shafukan intanet ba gwamnati ce ke tsara su ba. A ICANN, ƙungiyar da ke kula da waɗannan sunaye wadda aka kafa a 1998, 'yan sa kai ne ke zama a kwamitoci, su karanta dogayen takardu, su yi ta muhawara har a cimma matsaya.

Sai dai sa kai na da tsada. Ma'aikacin babban kamfani albashinsa na tafiya yana zaune a taron. Malamar jami'a daga Kano ko Yamai kuwa da kuɗin datarta take shiga, bayan ta tashi daga aiki, ga rashin wuta, ga wahalar biza, ga muhawarar da galibi da Turanci ake yi. Shi ya sa mutane ƙalilan ne ke ɗauke da nauyin har su gaji.

Tallafin tafiye-tafiye na ICANN yana da amfani, amma taro ɗaya ba ya mayar da baƙo ɗan gida. A ganinmu, a biya wa masu aiki a kai a kai kuɗin data, a riƙa sauya lokutan zama, a haɗa sabon shiga da tsohon hannu na tsawon shekara. NiRA, mai kula da sunayen shafukan Najeriya na .ng, na iya farawa a gida.