"Jiya" ta wace rana?

Ƴan'uwa malamai da iyaye, shafuka irin su Facebook kan rubuta "jiya" ko "awa 2 da suka wuce" a kan labari, maimakon kwanan wata. Kwamfuta ce ke sabunta lissafin duk sanda aka buɗe shafin. Amma da an ɗauki hotonsa an tura WhatsApp, lissafin ya tsaya cak. Sai labarin harin ƴan bindiga na bara ya iso Madarunfa yana cewa "jiya", iyaye su hana yara zuwa lakkwal.

Ina son masu gina shafuka su yi mana da Hausarmu: shekaranjiya, jibi, gata, citta. Sai dai su liƙa cikakken kwanan wata a gefe. Kafin nan, mu koya wa ɗalibai su riƙa tambaya: yaushe aka rubuta?