Iyayen riƙo: Gidajen da ke ɗauke da wasan hokin matasa a Kanada, da abin da ke barazana gare su

A ƙarshen watan Agustan kowace shekara, ɗaruruwan samari 'yan shekara 16 zuwa 20 kan tattara kayansu su bar gidajen iyayensu a Kanada, su nufi garuruwan da wasunsu ba su taɓa takawa ba. Abin da ke kai su shi ne wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wato hoki, wanda Kanadawa ke ji da shi kamar yadda wasu ƙasashe ke ji da ƙwallon ƙafa.

Waɗannan samari ba a otal suke sauka ba, kuma ƙungiyoyinsu ba su gina musu ɗakunan kwana ba. Magidanta ne na garin ke karɓarsu, su ba su ɗaki, su ciyar da su tun daga farkon kaka har ƙarshenta. Da Turanci ana kiran irin wannan masauki "billet", kalmar da asalinta ta sojoji ce, daga zamanin da ake sauke dakaru a gidajen farar hula.

Tsarin ya daɗe yana aiki ba tare da an cika maganarsa ba. Yanzu abubuwa uku sun taso masa a lokaci guda: tsadar rayuwa, batun amana bayan jerin badaƙaloli, da sabuwar ƙa'idar jami'o'in Amurka da ta fara aiki a 2025.

Me ya sa yara ke barin gida da wuri?

Babbar inuwar hokin matasa a ƙasar ita ce CHL, wadda ta haɗa gasanni uku: WHL a yamma, OHL a lardin Ontario, da QMJHL a Quebec da lardunan gabar teku. Ƙungiyoyinta sun haura 60, wasunsu a cikin Amurka. A ƙarƙashinta akwai ƙananan gasanni na larduna masu ƙungiyoyi da yawa.

Ƙungiyoyi ne ke zaɓar yara bi da bi tun suna 'yan shekara 15 ko 16. Idan aka zaɓi yaro, yakan koma garin ƙungiyar ko da tafiyar yini ce daga gidansu. A WHL da OHL kowace ƙungiya na buga wasa 68 kafin a shiga zagayen fitar da gwani, ga makarantar sakandare da ƙananan cikinsu ke ci gaba da zuwa.

Manyan taurari ma ta nan suka bi. Wayne Gretzky ya bar garinsu Brantford yana ɗan shekara 14 ya zauna a hannun wasu mutane a Toronto. Sidney Crosby, ɗan lardin Nova Scotia, yana da shekara 16 ya koma Rimouski a 2003, garin da Faransanci ake yi.

Aikin da ba a rubuta shi duka a takarda

A takarda, abin da ake nema daga mai masauki kaɗan ne: ɗaki, gado, abinci mai gina jiki, da tabbatar da cewa yaro ya dawo gida kafin lokacin da ƙungiya ta ƙayyade.

A zahiri aikin ya fi haka. Uwar gidan ce ke lura idan yaro ya daina cin abinci don kewar gida. Ita ce ke gani idan ya dawo da ciwon kai bayan an buge shi a fili, alhali yana ɓoye wa koci don kada a ajiye shi a benci. Maigidan ne ke tashi da tsakar dare ya ɗauko shi idan motar ƙungiya ta dawo daga doguwar tafiya a cikin sanyin hunturu. Idan kuma yaron daga Turai ya zo, har harshe a gidan yake koyo.

Akwai kuma zafin rabuwa. Ƙungiyoyi kan yi musayar 'yan wasa a tsakiyar kaka, musamman a watan Janairu, sai yaron da ya zama ɗan gida ya tattara kayansa cikin kwana ɗaya, wani ya maye ɗakinsa.

Masu masauki wani ɓangare ne kawai na rundunar 'yan sa-kai. A ƙananan garuruwa, mai riƙe agogon wasa, mai rubuta ƙididdiga, mai duba tikiti a ƙofa, da masu sayar da tikitin gwada sa'a da ake raba kuɗinsa biyu tsakanin wanda ya ci da ƙungiya, galibi ba albashi suke karɓa ba. Wasu ƙungiyoyin ma mallakar al'ummar gari ne, kamar Swift Current da Moose Jaw da Prince Albert a lardin Saskatchewan.

Hatsarin Humboldt ya fito da su fili

Duniya ta fi sanin wannan tsari ranar 6 ga Afrilun 2018, lokacin da wata babbar motar kaya ta yi karo da bas ɗin ƙungiyar Humboldt Broncos a kan hanyarsu ta zuwa wasa a Nipawin. Mutum 16 suka rasu, 13 suka jikkata.

Humboldt gari ne mai mutum kusan 6,000, kuma akasarin 'yan wasan ba 'yan garin ba ne. Don haka makokin ya kasance a gida biyu: gidan iyayen da suka haifa, da gidan waɗanda suka yi riƙo, inda kayan yaran ke ajiye a ɗaki. Cikin mamatan har da wani matashi ɗan shekara 18 da ke rubuta wa ƙungiyar ƙididdiga a matsayin aikin sa-kai. Gudummawar da aka tara ta intanet ta haura dalar Kanada miliyan 15.

Kuɗin cefane

Ƙungiyoyi kan ba masu masauki 'yan ɗaruruwan daloli a wata, haɗe da tikitin kallon wasannin gida. Kuɗin na rage asara ne kawai, domin saurayin da ke atisaye kusan kullum cinsa ya fi na sauran mutanen gida.

A Satumban 2022 farashin kayan abinci a shagunan Kanada ya tashi da kashi 11.4 cikin 100 a shekara, hauhawar da ba a ga irinta ba tun 1981. Kuɗin haya ma ya tashi, ta yadda ɗakin da za a ba ɗan wasa zai iya kawo wa iyali kuɗin shiga idan suka sa ɗan haya. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun kuma nuna cewa masu aikin sa-kai ta hannun ƙungiyoyi sun ragu daga kashi 41 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 32 a 2023. Shi ya sa ake yawan ganin ƙungiyoyi suna cigiyar masu masauki a Facebook ana dab da fara kaka.

Nan ne wata tsohuwar muhawara ke dawowa. A 2014 wasu tsofaffin 'yan wasa suka maka CHL a kotu suna cewa ma'aikata ne su, don haka sun cancanci mafi ƙarancin albashi. CHL ta ce ɗalibai ne masu wasa, tana kafa hujja da masauki da abinci da tallafin karatun da take bayarwa. A 2020 aka cimma sulhu kan dala miliyan 30, bayan larduna da dama sun riga sun cire 'yan wasan daga dokar mafi ƙarancin albashi. Ma'ana, ɗakin da magidanta ke bayarwa don alheri yana cikin abin da ƙungiyoyi ke ƙirgawa a matsayin hakkin da suke biyan yaran.

Wa ke kula da amanar?

Yaron da ke nesa da iyayensa, wanda makomarsa ke hannun koci, yana cikin yanayi mai rauni. A 1997 kotu ta ɗaure Graham James, tsohon kocin Swift Current, bisa lalata da 'yan wasansa, ciki har da Sheldon Kennedy, wanda ya fito ya faɗi abin da aka yi masa, daga baya ya duƙufa kan horar da masu kula da yara a wasanni.

A 2020 tsohon ɗan wasan NHL Daniel Carcillo ya jagoranci wata ƙara kan cin zarafin da manyan 'yan wasa ke yi wa sababbin shiga. A 2023 alƙali ya ƙi amincewa a saurare ta a matsayin ƙarar taron dangi, amma ya yarda cewa shaidun da aka gabatar sun nuna mummunar al'ada ta tsawon shekaru.

Yanzu ƙungiyoyi kan nemi takardar binciken 'yan sanda daga manyan da ke gidan masauki, su ziyarci gidan, su naɗa jami'in da ke kula da masaukai. Sai dai binciken 'yan sanda wanda aka taɓa kamawa kawai yake tonawa. Akwai kuma sarƙaƙiya: mai masauki masoyin ƙungiya ne, ita ta zaɓe shi, kuma a ƙaramin gari kowa ya san kowa. Idan yaro ya kawo masa ƙorafi kan koci, yana buƙatar wata ƙofar da ba ta ƙungiyar ba da zai kai maganar.

Sabuwar ƙofa daga Amurka

A Nuwamban 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta soke haramcin da ta daɗe da ɗora wa 'yan wasan CHL, daga 1 ga Agustan 2025. Nan take Gavin McKenna, tauraron Medicine Hat Tigers, ya koma Jami'ar Penn State.

Wannan sauyi zai taɓa gidajen masauki ta fuska biyu. Idan ƙwararru na tafiya jami'a da shekara 18 ko 19, gidajen za su fi karɓar ƙanana, waɗanda ke buƙatar a kai su makaranta, a sa musu ido sosai, kuma zamansu ya gajarta. Su kuma ƙananan gasannin larduna, waɗanda a da yara ke zaɓa don kada su rasa damar shiga jami'ar Amurka, sun rasa babban abin da ke jawo musu gwanaye. Ƙungiyoyin nan su ne suka fi dogara da 'yan sa-kai, kuma idan 'yan kallo suka ragu, kuɗin da za a ƙara wa masu masauki ma zai ragu.

Zaɓin da ke gaban ƙungiyoyi

Hanyoyin ba su da yawa. Za a iya ƙara kuɗin masauki ya dace da farashin kasuwa, abin da manyan ƙungiyoyin birane za su iya, ƙanana su sha wuya. Za a iya gina ɗakunan kwana, amma hakan na nufin tara samari wuri guda ba idon uwa ba na uba, yanayin da ƙarar Carcillo ta nuna haɗarinsa. Ko kuma a rage tura 'yan shekara 16 nesa da gida, wanda zai girgiza tsarin zaɓen 'yan wasa gaba ɗaya.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A garuruwa irin Humboldt da Swift Current, ƙungiya za ta iya sauya koci ko ta sayo sababbin kayan wasa cikin mako guda, amma samun gidaje ashirin da za su karɓi ɗan wani su riƙe shi wata takwas abu ne da sai jama'ar gari sun ga dama. Ranar da suka gaza, ƙungiyar ce za ta fara neman wani garin.